Tururuwa Mai Fiffike da Shinge: Wanne Ne Ya Kamata Ya Hana Mai Gida Barci?

Kamar yadda muka saba, ga shirinmu na wannan makon a rubuce, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da kuma waɗanda dama sun fi son karatu.

Yau hirar tamu ta damina ce. Na san kowa ya san wannan daren. An sha zafin bazara har an gaji, sai wata rana da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, aka sheƙa ruwa, ƙasa ta ɗauki wannan ƙamshin nata. Bayan magariba aka kawo wuta, ko aka tayar da janareta, ka kunna kwan tsakar gida. Kafin ka idar da sallar isha'i, kwan nan ya ɓace a cikin ƙwari. Suna faɗawa cikin miya, suna shiga riga, suna manne wa fuskar waya. Gari na wayewa sai ka tarar da tsakar gida fal fuka-fukai kamar an zazzage buhun ƙaiƙayi.

Tambayar da muke so mu amsa yau ita ce: su wane ne waɗannan baƙin, me ya fito da su, kuma shin za su iya yi wa gida ɓarna?

Bari in fara da abin da ya faru da ni, don shi ne ya sa na zauna na bi diddigin maganar nan.

Shekara uku da suka wuce, a gidanmu, an yi irin wannan daren. Ƙanwata ta tsani duk wani abu mai rarrafe, sai ta ɗauko maganin feshi ta bi tsakar gida, ta bi falo, ta bi har ƙofar kicin, muka kwana muna tari. Umma tana daga zaune tana cewa, “Ke dai kin cika tsoro, shinge ne fa, mu da muna yara da kwano muke binsa.” Da safe aka share tsakar gida, magana ta wuce.

To, akwai wani ɗan ɗaki a bayan gidan da muke ajiye tarkace. Kullum a kulle yake, tagarsa a rufe, ko kwan fitila babu a ciki. Da na shiga ɗauko bokiti a safiyar, sai na ga tarin fuka-fukai a bakin tagar ta ciki. Na sa hannu na kakkaɓe, na fita abina. Ban ko tambayi kaina ta ina suka shiga ba.

Bayan wata biyar aka kira ni tantancewar wani aiki, aka ce a zo da takardu na asali. Na je ɗakin nan na jawo kwalin da na ajiye takarduna a ƙasa, jikin bango. Wallahi ina ɗagawa gindin kwalin ya zauna a wurin. Ciki duk jar ƙasa. Gara ta cinye rabin takardar shaidar gama sakandarena, ta bar min sunana da hotona kamar mai yi min tsiya. Kun ga, dubban da suka cika tsakar gida, waɗanda muka kwana muna yaƙi da su, ba su yi mana komai ba. 'Yan fuka-fukan da na kakkaɓe da hannuna, su ne wasiƙar gargaɗin, ban iya karanta ta ba.

Don haka bari mu koyi karanta ta tare.

Abu na farko, ƙwarin nan masu fiffike ba iri ɗaya ba ne. Manyan gidaje biyu ne. Akwai tururuwa da danginta, irin su cinnaka, kiyashi, gwano da kwarkwasa. Sannan akwai gara, wadda masu fiffikenta su ne muke kira shinge, wasu wuraren su ce gina. A ido suna kama, amma a wajen masana ƙwari ko kusa ba su haɗa dangi ba. Tururuwa 'yar'uwar zanzaro ce da rina da ƙudan zuma. Ita kuwa gara, ku riƙe kujerunku, 'yar'uwar kyankyaso ce. Wani bincike da masana suka fitar a Landan a shekarar 2007, bayan sun duba ƙwayoyin halitta, ya tabbatar da cewa gara wani reshe ne na dangin kyankyaso da ya koyi zaman jama'a. Tururuwa an san nau'inta sama da 13,000 a duniya, gara kuma wajen 3,000.

Yaya za ka bambance su? Ka kama guda ɗaya, ka haska da fitilar waya, ka duba abu uku.

Na ɗaya, ƙugu. Tururuwa ƙugunta a tsuke yake, irin na ɗan'uwanta zanzaro, kamar an ɗaure da zare. Shinge kuwa ba shi da ƙugu, jikinsa a miƙe yake tun daga ƙirji har ƙarshe.

Na biyu, 'yan ƙahonnin nan guda biyu da ke kai. Na tururuwa a lanƙwashe suke kamar gwiwar hannu. Na shinge ba su da gwiwa, kuma in ka duba da kyau kamar an jera 'yan ƙananan duwatsun carbi.

Na uku, fuka-fukai. Dukansu huɗu gare su. Amma na tururuwa, biyun gaba sun fi biyun baya girma. Na shinge duk huɗun tsayinsu ɗaya, sun zarce jikinsa sosai, kuma ko taɓa shi ka yi sai su zube. Shi ya sa in ka ga tarin fuka-fukai masu tsayi iri ɗaya a ƙasa, galibi aikin shinge ne.

Ƙugu, ƙaho, fiffike. Shi ke nan. Minti ɗaya ya isa.

To me ya fito da su? A taƙaice, biki ne. Ɗaurin aure ne na gari guda.

A cikin gidan tururuwa, waɗanda muke gani kullum suna jan hatsi a layi ma'aikata ne, dukansu mata ne, ba su da fiffike, kuma ba su ne masu haihuwa ba. Uwa ɗaya ce, ko 'yan kaɗan a wasu nau'in, take zaune can ciki tana saka ƙwai, ita ce sarauniya. Idan gida ya girma, abinci ya wadata, sai a fara renon wasu 'ya'ya na musamman masu fiffike: 'yan mata da za su zama sarauniyoyin gobe, da kuma maza. Wani abin mamaki, namijin tururuwa daga ƙwan da ba a yi wa barbara ba yake fitowa. Wato yana da uwa, amma ba shi da uba. Waɗannan masu fiffiken za su zauna a ciki ana ciyar da su, ana jiran rana. In ranar ta zo, sai ma'aikata su buɗe ƙofofi, su kuma su yi sama.

A wannan tashin ne ake barbara. Namiji aikinsa ke nan a duniya, in ya gama, kwana ɗaya ko biyu ya mutu. Macen kuma ta sauko ƙasa, ta karya fuka-fukanta da kanta, ta tona ɗan rami, ta toshe bakinsa, ta fara saka ƙwai. A nau'o'i da yawa ba za ta ci komai ba har 'ya'yan farko su girma. To da me take rayuwa? Da naman ƙirjinta. Tsokar nan da ta yi amfani da ita wajen tashi, tunda ba za ta sake tashi ba, sai jikinta ya narkar da ita ya mayar abinci, da shi take ciyar da kanta da jariran. Kuma irin da ta karɓa a wannan rana guda shi za ta adana a cikinta, ta yi ta amfani da shi har ƙarshen rayuwarta. Rayuwar kuma ba gajera ba ce. An taɓa ajiye wata sarauniyar baƙar tururuwa a Jamus ta yi kusan shekara 29.

Shi kuwa shinge, tsarin aurensa daban ne, kuma ni dai ya fi burge ni. Su ba a sama suke barbara ba. Tashi kawai suke yi su yi nisa da gida, su sauko, su zubar da fuka-fukai. Daga nan mace ta ɗaga bayanta ta saki wani ƙamshi, namiji ya biyo. In kun lura da safe, za ku ga wasu 'yan ƙwari marasa fiffike suna gudu bibbiyu, ɗaya a gaba ɗaya na manne da shi a baya kamar mota da tirela. To amarya ce a gaba, ango a baya, suna neman wurin da za su kafa gida. In sun sami ƙasa mai laushi sai su shige tare. Shi namijin gara ba ya mutuwa bayan biki, sarki yake zama, ya zauna da matarsa shekara da shekaru a ɗaki ɗaya a cikin suri. Ita kuma cikinta ya yi ta kumbura har ta kai tsayin ɗan yatsa ko fiye, ta kasa ko motsawa. A irin garar da ke gina manyan surin nan na dajinmu, sarauniya kan saka ƙwai dubbai a rana guda, har a kai wajen 20,000 zuwa 30,000.

Wani zai ce, to me ya sa sai bayan ruwa, kuma me ya sa duk a lokaci ɗaya?

Dalili na farko, ƙasa. Amaryar da za ta tona rami da bakinta da ƙafafunta ba za ta iya da ƙasar bazara mai tauri kamar kankare ba. Sai ruwa ya jiƙa ta. Na biyu, jikinsu ba ya jure bushewa, musamman shinge, don haka suna buƙatar iska mai laima, kuma wadda ba ta kaɗawa da ƙarfi, don ba gwanayen tashi ba ne. Na uku, ruwan shi ne katin gayyata. Duk gidajen nau'i ɗaya da ke yankin suna jin alamar a tare, sai su fito a tare, ta haka 'yar wannan gida za ta haɗu da ɗan wancan gida, ba a yi ta auren 'yan ɗaki ɗaya ba. Shi ya sa mutanen Abuja da Jos suke riga na Kano da Katsina ganinsu, su kuma na Maraɗi da Damagaram su biyo baya. Yadda damina take hawowa daga kudu, haka bikin yake biyo ta.

Dalili na huɗu kuwa shi ne dabarar tsira. Ranar tashin nan sallah ce a wajen kowa: ƙadangare, tsaka, kwaɗo, jemage, tsattsewa, shirwa, kaji, zabi, bushiya, har da tururuwar kanta, don gwano babban maƙiyin gara ne. Da a ce ɗai-ɗai suke fitowa, da an cinye su kaf. Amma in suka fito dubu ɗari a dare ɗaya, kowane maci zai ƙoshi ya bar saura. Duk da haka mafi yawansu, nesa ba kusa ba, ba sa kai labari. Ƙalilan ne ƙwarai suke kafa gida.

Kuma ba mu kaɗai muke ganin wannan ba. A Ingila tururuwa ce ke yi musu haka a tsakiyar lokacin zafinsu. A watan Yulin 2017 ta mamaye filin gasar tanis ta Wimbledon, 'yan wasa suna wasa suna kore ta daga fuska. A Yulin 2020 kuma na'urar hasashen yanayi ta ƙasar ta hango wani abu kamar hadari a kudu maso gabas, faɗinsa ya kai wajen kilomita 80, alhali ko ɗigon ruwa babu. Ashe tururuwa ce mai fiffike.

To me ya haɗa su da kwan fitilarmu? Mun daɗe muna cewa son haske suke yi. Amma wani bincike da aka fitar a 2024, inda aka ɗauki tashin ƙwari da kyamara mai saurin gaske, ya nuna wani abu daban. Ƙwaro mai tashi yana juya bayansa ne ga inda ya fi haske, don a duniyar da ya saba, sama ce ta fi haske, ta haka yake sanin ina ne sama ina ne ƙasa. In ya zo kusa da kwan lantarki sai ya ɗauka shi ne sama, ya yi ta juya masa baya, ya yi ta zagaye har ya gaji ya faɗo. Wato ba gidanka suka nufa ba, ruɗewa suka yi a hanya.

Yanzu mu zo kan babbar tambayar: barazana ne ga gida?

Bari mu fara da tururuwa mai fiffike. Ita kam, kusan a ce babu abin damuwa. Ba ta cin katako, ba ta cin takarda, ba ta cin bango. Mazan ko ƙari ba su da shi. Wasu matan za su iya cizo ko harbi in ka matse su, iyakarta ke nan. Akwai ma wani ƙaton nan mai launin ja-ja, dogon ciki, da yake zuwa wajen fitila yana ƙara yana buge-buge, in ya faɗi ya yi ta murɗa bayansa kamar zai yi harbi. Yara suna gudunsa. To namijin kwarkwasa ne, kuma duk burga ce, ba shi da ƙari.

Inda za ka ɗan sa ido a kan tururuwa wuri ɗaya ne. Akwai wasu manyan tururuwa da suke sassaƙe katako su yi gida a ciki. Ba ci suke yi ba, fitar da shi suke yi, shi ya sa za ka ga ɗan gari kamar na wajen kafinta a ƙasan wurin. Kuma sun fi son katakon da ya riga ya jiƙe ya fara ruɓewa. In ka ga irinsu masu fiffike suna fitowa daga silin ko jikin ƙofa, abin da suke gaya maka shi ne rufinka yana yoyo ko wani famfo yana tsiyaya. Gyara yoyon, ka canza katakon.

Shi ma shinge, shi kansa mai fiffiken ba ya cin komai a gidanka, ba ya cizo, ba ya harbi. Wanda ya faɗo kan tayil ko siminti, in ƙadangare bai same shi ba, bushewa zai yi ya mutu. Masu ɓarnar su ne 'yan'uwansa ma'aikata, fararen nan masu laushi, makafi, waɗanda ba sa son haske kuma ba su taɓa yin fiffike ba. Su ne masu cin katako, kwali, littafi, zana, tabarma, buhu, har da atamfar da ke ƙasan akwati. Kuma daga ciki suke ci, su bar maka fatar waje lafiya lau. Wanda ya yi karatun tafsiri zai tuna, a Suratu Saba'i, abin da malamai suka fassara da gara ne ya ci sandar Annabi Sulaiman, alaihis salam, kuma ba wanda ya farga sai da sandar ta karye. Halinta ke nan har gobe.

Saboda haka tambayar da ta fi “nawa ne suka zo” muhimmanci ita ce “daga ina suka fito”.

In daga waje suka zo, suka taru a kwan ƙofar gida, wasu suka kutso ta taga, wannan damina ce kawai. Akwai suri ko gidan gara a wani fili ko kango a unguwarku, kuma dama can akwai shi. Share ka kwanta.

Amma in ka gan su suna ɓullowa daga tsagar bango, daga ƙasan tayil, daga jikin ƙofa ko silin, ko ka tarar da fuka-fukai a ɗakin da yake kulle ba fitila, irin nawa, to a nan ne za ka tashi tsaye. Domin gidan gara ba ya fara fitar da masu fiffike sai ya balaga, kuma hakan kan ɗauki shekaru, sau da yawa uku zuwa biyar. Ma'ana, ba yau suka zo ba. Sun daɗe kuna zaune tare, yau ne kawai suka aurar da 'ya'ya ka ji kiɗan.

Ga abin da za ka duba washegari, da rana, da fitila a hannu. Ka bi gindin bango ciki da waje, ka nemi siririyar hanyar nan ta jar ƙasa da take hawa sama kamar jijiya. Ka karya ɗan wuri a tsakiya. In ka ga fararen ƙwari a ciki, ko ka dawo bayan kwana biyu ka tarar an ɗinke wurin, suna nan da ransu. Ka ƙwanƙwasa katakon ƙofa, taga, gado da durowa da gindin sukudireba. In ka ji yana amsawa kamar ganga, ko ka danna ya lotsa, an cinye cikinsa. Ka ja wadrof da kujeru daga jikin bango ka leƙa baya. Ka ɗaga duk wani kwali ko buhu da ke zaune a ƙasa. In da hali a leƙa cikin silin a duba katakon rufi, don can ne ɓarnar take fi tsada, kuma can ne take iya zama haɗari ga rai in iskar damina ta taso. Waɗanda ke zaune a garuruwan bakin teku irin su Legas da Fatakwal, ku ƙara da wannan: akwai wata gara da ba ta buƙatar ƙasa, cikin busasshen katako take zama kai tsaye. Alamarta wasu 'yan ƙwayoyi ne kamar yashi da za ka riƙa gani a ƙasan kujera ko gado, ka share su dawo.

To me za a yi a daren da suka zo? Abu mai sauƙi. Kashe kwan da ke bakin ƙofa da na kusa da taga na ɗan lokaci, don yawanci abin ba ya wuce awa ɗaya ko biyu. In dole sai da haske, a bar guda ɗaya can nesa da ɗakuna, a ajiye baho da ruwa a ƙarƙashinsa, za su yi ta faɗawa ciki. A rufe abinci, a sauke labule, a gyara ragar taga in ta yage. Kwan fitila mai haske ruwan ɗorawa bai kai fari fat ɗin nan jan ƙwari ba. Da safe tsintsiya ta gama aikin, kaji kuma su yi godiya.

Abin da nake roƙonku da shi, don Allah, a bar ɗauko guba saboda shinge. Musamman irin su ota-piya-piya da magungunan gona da ake ɗurawa a 'yan kwalabe ba suna ba takarda. Sinadarin da ke cikin yawancinsu an yi shi ne don gona, ba don ɗakin da jariri zai kwana ba. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben irin wannan maganin saboda yadda yake hallaka mutane. Ka fesa wa ƙwaron da dama gobe zai mutu da kansa, kai da iyalinka ku kwana kuna shaƙa. Sannan da safe kaji su tsince gawarwakin, ko yaran maƙwabta su kwashe su kai wa kasko. Don kar mu manta, shinge abinci ne a wurare da yawa. A nan ana soya shi da ɗan gishiri da yaji, ko mai ba a sawa don da mansa yake zuwa. Yarbawa suna ce masa esunsun, Ibo suna ce masa aku. Wanda aka fesa wa magani kuwa, ko kaza bai kamata ta ci ba.

Kuma ko da a ciki suka fito, feshin ba ya magance komai. Ka kashe 'yan biki, ka bar sarauniya tana can ƙarƙashin ƙasa tana saka ƙwai. Wannan aikin masu sana'ar ne. Ka nemi wanda ya san aiki, ka tambaye shi sunan maganin da zai sa, ka ga lambar rajista a jikin robar, ka tambayi awa nawa za a yi kafin a koma ɗakin, kuma in akwai rijiya a gidan ka gaya masa tun kafin ya fara. In haya kake, ka ɗauki hoto da bidiyo ka tura wa mai gida tun da wuri, kar ranar tashi a ce kai ka lalata ƙofa.

Rigakafi kuma ya fi duk wannan araha. Gara laima take bi, da duk inda katako ya taɓa ƙasa. A gyara famfon da ke tsiyaya, a karkatar da ruwan indararo daga gindin bango, a janye itacen girki da tarin katako daga jikin gini, a tone kututturen bishiyar da aka sare. Mai gini ya sa a yi wa fandisho magani kafin a zuba kankare, a shafe katakon rufi da maganin katako kafin a ɗora kwano. Kakanninmu sun san wannan tun tuni. Ba banza suka ɗora rumbu a kan duwatsu ba, kuma ba banza suka zaɓi azarar giginya wajen rufin soro ba, don tana da taurin da gara ba ta cika iya mata ba. Mu kuma 'yan zamani, mafi ƙanƙantar abin da za mu yi: takardu su bar kwali, su koma roba mai murfi ko akwatin ƙarfe, a ɗora a sama, kuma a ɗauki hotonsu a ajiye a imel.

Kafin in rufe, kar a ce na ɓata wa gara suna gaba ɗaya. A cikin ɗaki ɓarauniya ce, amma a gona ma'aikaciya ce. Manoman Burkina Faso da na yankin Tawa a Nijar suna tona 'yan ramuka a fako, su zuba taki a ciki. A Burkina ana kiran dabarar zai, a Nijar tassa. Takin yana jawo gara, ita kuma ta huda ƙasar da hanyoyinta, ruwan sama ya samu wurin shiga maimakon ya gudu. Da irin wannan ne marigayi Yacouba Sawadogo na Burkina Faso ya mayar da fako daji, har aka ba shi babbar lambar yabo ta duniya a 2018. To wasu daga cikin bibbiyun nan da kuke gani suna gudu a tsakar gida da safe, irin wannan aikin za su je su kafa.

Hausawa suna cewa in tururuwa ta tashi lalacewa sai ta yi fiffike. Da gaskiyarsu, don mafi yawan masu fiffiken ba sa ganin jibi. Sai dai da ba ta yin fiffiken, da tuni an daina ganin tururuwa a duniya.

Ni dai takardata sai da na yi wata uku ina zirga-zirga, da rantsuwar kotu da rahoton 'yan sanda, kafin na samu abin da zan riƙa nunawa a madadinta, aikin kuma ya riga ya wuce. Da muka sa aka duba ɗakin, katako biyu na rufin sai da aka canza. Yanzu duk daren da shinge ya fito, ƙanwata tana kashe fitila ta ajiye baho, ni kuma da safe ina zagaya ɗakunan da ke kulle.

Ku ma in an yi ruwan nan, ku kama guda ɗaya ku duba ƙugu, ƙaho da fiffike, sannan ku duba ta ina ya fito. Ku faɗa mana yadda ake kiransa a garinku, shinge ko gina ko wani sunan daban, da kuma ko kuna ci ko ba kwa ci. Wanda kuka san yana ajiye takardunsa a kwali a ƙarƙashin gado, ku tura masa wannan.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana gidajenmu. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.